Yadda Zuliha Ta Tsamo Tungar Ɗunya Daga Ƙarƙashin Ruwa

Zuliha baiwata ce. Kada wani ya zaro ido: ubana da uwarta ciki ɗaya suka fito, ni ɗan namiji, ita ɗiyar mace, don haka tun kafin a yanke mata cibiya aka damƙa mini ita. Ita dai har gobe ba ta yarda ba. Takan ce ina aka taɓa ganin ubangida yana cin tuwon gidan bawansa safe da yamma, ni kuwa in ce mata duba dukiyata nake zuwa yi.

Uwar tata gwaggona ce, amma duk tungarmu da ke bakin tafki a ƙasar Ngaski Inna ake ce mata, har limamin da ya girme ta. Zuliha ce autarta. Ta haife ta bayan kowa ya fid da rai, shi ya sa nake cewa yarinyar ta tsaya kallon wani abu ne a hanya, kuma har yau ba ta gama kallon ba.

Tun tana ƙarama haka take. In aka aike ta ɗiban ruwa, sai an tura mai ɗauko ta. Za ka same ta rub da ciki a cikin jirgin wani, ta leƙo da kai, hancinta na taɓa ruwa, tulun kuwa ya yi nasa wuri. Wata rana ta daɗe a haka har balbela ta sauka a bayanta ta yi sheƙa, ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe. Zuliha na musun wannan, amma ni na ga ’ya’yan balbelar da idona.

Abin da take leƙe shi ne Tungar Ɗunya, garin su Inna na asali. Tsibiri ne a tsakiyar Kwara. Da aka datse ruwa a Kainji, Inna tana yarinya, ruwa ya tashi a hankali ya shanye shi, aka kwaso mutane aka zuba su a gidajen siminti nan bakin gaɓa. Mu ba mu taɓa ganin garin ba. A bakin Inna muka san shi, tana yankan albasa tana faɗa, hawayen kuma ta ce na albasa ne. Ni ina ji ya bi iska. Zuliha kuwa ta ɗauka garin na nan ƙasa yadda aka bar shi, da rumbunansa da turamensa, kifi ne kawai ke shiga ɗakuna babu sallama.

Makaranta tare muka fara. Ni na sauka a aji biyu na sakandare, don na lura malaman sun fara maimaita abin da na riga na sani, na kama kabu-kabu a Yelwa. Ita ta zarce har ta yi difiloma ta kwamfuta, ta dawo Yelwa ta samu aiki a shagon Oga Samuel kusa da tasha. Buga takardu take yi, da fotokofi, da yi wa ’yan makaranta rajistar jarabawa. A ƙofar shagon nake ajiye babur ɗina, saboda inuwa, da kuma sa ido a kan dukiyata.

In babu kwastoma, ’yan mata sa’o’inta fim suke kallo. Zuliha sai ta rufe duk hotunan kwamfutar, ta buɗe wani allo baƙi ƙirin, babu komai a cikinsa sai wani ɗan ɗigo fari da ke ƙyafta ido a kusurwa. Ta yi tagumi tana kallonsa kamar yadda take kallon ruwa. Ni na raɗa masa suna Ɗan Ƙyafta.

Na ce, “Baiwata, wanga abin shi ne saurayin naki? Ya fi ni iya kashe ido.”

Ta ce, “Tanko, matso in nuna maka abin da ya fi ƙarfin aji biyu.”

Ta buga wani abu, sai Ɗan Ƙyafta ya yi tsalle daga kusurwa ya dira tsakiyar allon. Ta sake bugawa, ya hau sama, ya gangaro, ya ja da baya kamar kaguwa. Na ce sihiri ne. Ta ce ba sihiri, gyaran murya ne. Wai duk abin da ka ba wannan allon rubutawa yake yi, kamar magatakarda. Amma akwai wani harafi da ido ba ya gani, in ka sa shi a gaba, kwamfuta ta san abin da ke biye ba rubutu ba ne, umarni ne ga ɗigon. Kamar yadda namiji ke gyara murya a zaure, mata su san ba tari ba ne, shigowa za a yi. Bayan gyaran muryar sai wata ƙugiya, sai lamba, sai harafi guda, shi ke nan ɗigo ya san inda zai nufa.

Ta ce hanyar aikensa biyu ce. Ko ka ƙirga masa daga kusurwar sama ta hagu, layi kaza, gida kaza, ya dira can ko daga ina yake. Ko kuma ka ce masa daga nan inda kake, yi sama kaza, yi dama kaza.

Na ce, “Ashe fasinja ne. Wani ya ce kai ni tasha, wani ya ce mu je in nuna maka.”

Ta dube ni ta ce, “Wallahi wani sa’in kamar kana da hankali.”

Haka muke har idon Inna ya fara tafiya. Ba yanar ido ba ce da ake cirewa. Likitan da muka kai ta wurinsa ya ce abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage ma yana ɗaure kaya, magani jinkirta shi kawai zai yi. Ganin nata ya tsuke, ya koma kamar mai leƙe ta cikin kara. In ta dube ka, ko dai hancinka ta gani ko kunnenka, ba duka ba. Farar takarda kuwa kashe mata ido take yi. Abin da take iya bi shi ne haske ƙarami a cikin duhu, irin garwashi a murhu.

Inna ba mai kuka da ciwo ba ce. Abu ɗaya ta faɗa, ranar da muka je gaishe ta, tana zaune tana fuskantar tafki. Ta ce, “Duhu ba shi ban tsoro, Zuliha. Garinmu na nika son in ƙara gani, ko a zane, kahin a ruhe ƙohwa.”

Zuliha ta ɗauko takarda da biro a take. Ta ce, “Inna, masallaci gabas yake da gidanku ko arewa?”

Inna ta ce, “Mi ya haɗa ni da arewa? Ni kwano nika kaiwa.”

Ashe haka al’adar Tungar Ɗunya take. In aka sauke kunun safe, ko maza suka dawo da kifi, yarinyar gida ce ke kai wa maƙwabta rabonsu. Kuma ba a haɗa kwano biyu a tafiya ɗaya, raini ne, kamar ka ce wa mutum a kan hanya ka tuna da shi. Kowane gida da tafiyarsa. Ka ɗauki kwano daga hannun uwarka, ka kai, ka gaisar, ka komo ƙofar gida, ka ɗauki na gaba. Ba kuma mafi kusa ake fara kai wa ba, mafi tsufa. Inna ta yi shekaru tana wannan zirga-zirga, don haka garin ba shimfiɗe yake a kanta ba, a ƙafarta yake. Tambaye ta tsakanin gidan wane da gidan wane, ba ta sani ba. Amma ce mata daga ƙofarku fa, sai ta lumshe ido ta fara: a ba kogi baya, a wuce rumbu biyu, a karkata hannun cin tuwo, ga gidan Baba Ishaya mai sassaƙar jirgi. A komo gida. A fuskanci ɗunya, a bi ta ƙarƙashinta, ga ɗakin tsohuwa Asma’u mai daddawa. A komo gida.

Ina kallon Zuliha na ga ta ajiye biron. Idonta ya yi irin abin nan da yake yi tun zamanin balbela. A kan babur muna komawa Yelwa ba ta ce mini uffan ba, har na zage ta sau biyu don in tabbatar ba ta faɗi a hanya ba. Sai da muka shigo gari ta ce, “Tanko, Inna ba za ta ga zane ba. Amma za ta ga yarinya tana tafiya.”

Daga ranar Ɗan Ƙyafta ya zama ɗan aiken Inna. Zuliha ta riƙa zuwa tunga duk ƙarshen mako tana ɗaukar muryar Inna a waya, ta dawo shago ta mayar da kowace tafiya umarni. Ta ce akwai wasu umarni guda biyu da kamar don Inna aka yi su: ɗaya na ce wa ɗigo riƙe nan, nan ne gida, ɗaya kuma na ce masa koma inda ka riƙe. Sai ta tsayar da shi a ƙofar gidan su Inna ta ce ya riƙe. Ya taka a hankali, taki-taki, ya kai kwano, ya ajiye ɗaki a wurin, ya yi tsalle ya komo. Ɗaki harafin A ne, don ya yi kama da jinka. Rumbu O. Kogi wasu ’yan lanƙwasassun layuka da ta jera a gefe. Ɗunya kuwa ta tara mata taurari a kan sanda. Duk ta yi su kore shar, ta ƙara musu girma har kowane ɗaki ya kai ƙwayar goro.

Ranar da ta gama, ta kira ni bayan la’asar, ta saki labulen shagon. Ni da na zo da niyyar dariya, sai ga ni na matso har gaban allon. Allon baƙi kamar tsakiyar tafki, sai ga ɗan haske yana tafiya shi kaɗai, ɗaki ya tsiro, ya komo, wani ɗakin ya tsiro can nesa, kamar ruwa ne ke janyewa jinkaye na fitowa ɗaya bayan ɗaya. Na rantse na ji ƙamshin daddawar tsohuwa Asma’u. Oga Samuel ya ce daga mai ƙosai na waje ne, amma me ya sani.

Saura kai wa Inna. Nan aka yi ta. Kwamfutar shagon girke take, ta kai buhun gero nauyi, ga shi tungarmu babu wuta, Inna kuma ta ce ta daina hawa babur ɗina tun ranar da na nuna mata gwaninta a kwanar Wara. Sai aron laftof. Wani malamin firamare ya ba mu tasa, tsohuwa, Zuliha ta sa filas ɗin da ta kwafe garin a ciki ta kunna a gabana. Maimakon gari sai ga tarkace: kibiyoyi, ƙugiyoyi, lambobi, jere reras har ƙasa, kamar an ci kifi an watsar da ƙaya.

Na ce, “To, ga Tungar Ɗunya bayan gara ta gama da ita.”

Ta ce ba laifin garin ba ne. Wai kowace kwamfuta da tsarin da ke tafiyar da ita, kamar yaren gida, kuma ko tsari ɗaya ne na bara da na bana sukan saɓa. Ta shago Linuks ta saka mata, ta san gyaran murya tun fil azal. Wannan kuwa Windos na bakwai ne, baƙin allonsa bai san shi ba, duk abin da ka faɗa masa rubutawa yake yi, har tarin. Da na goma ne, in ji ta, da an daidaita.

Daga ƙarshe ƙawarta Miracle, mai aiki a kemis, ta ba ta wata siririya mai launin azurfa da yayanta ya aiko mata daga Legas, wani tsarin ne daban kuma. Yini ɗaya ta ba mu. Muka cika ta da caji a janareton Oga Samuel. Zuliha ta gwada: ɗigo ya tsaya a ƙofa, ya taka, ga gidan Baba Ishaya kore shar inda ya kamata. Ta yi hamdala ta rufe nan take don kada caji ya ragu. Ta naɗe ta a zani ta goya ta a baya kamar jinjiri, muka kama hanya da sassafe.

Ranar ba mu kaɗai ba ne. Inna ta aika har garin Shanga a kira mata Mama Tamada, ƙawarta tun suna yawo da ɗan bante, su biyu kaɗai suka rage cikin ’yan matan da suka kai kwano a Tungar Ɗunya. Gidan su Mama Tamada ’yan coci ne, an zaunar da su can sama lokacin da ruwa ya tashi garin, sai biki ko mutuwa ke haɗa su da Inna. Ta iso a motar ’yan albasa, ƙafafu a kumbure, tana cewa wannan ce tafiyarta ta ƙarshe, kamar yadda ta faɗa a tafiye-tafiyenta na baya.

Da hantsi muka shiga ɗakin Inna, na toshe taga da buhu, na rataya tabarma a ƙofa. Aka ɗora laftof a kan turmi da aka kife. Tsofaffin biyu suka matso har goshinsu na neman taɓa gilashin. Inna ta yi ta juya kai tana lalube da ido, can ta ce, “Na gan ta. Ga ta nan tana ƙyafce.”

Zuliha ta danna.

Ɗigo ya taka ya kai kwanon Baba Ishaya. Inna ta ce, “Awo.” Daga nan sai ya ƙi komowa. Daga ƙofar Baba Ishaya ya ɗauki hanyar tsohuwa Asma’u, ya ajiye ɗakinta a inda ba a taɓa yin ɗaki ba. Daga can kuma ya zarce. Kowane gida ya ƙara nisa da na bayansa. Masallaci ya faɗa tsakiyar kogi. Rumbunan Sarkin Ruwa suka hau kan ɗunya. Sauran garin ya je ya cunkushe a bakin allo, ɗaki bisa ɗaki, kamar kayan da ambaliya ta tara a gindin gada.

Inna ba ta ɗauke ido daga ɗigon ba har ya tsaya can ƙarshen duniya yana ƙyafce.

Ta ce, “Wagga ɗiya wa ya rene ta? Kwano na biyu a hannun wa ta amsa?”

Mama Tamada ta kira Inna da sunanta na yanka, ta ce, “Rabi, ke ce hwa. Dama uwarki ta sha hwaɗin yawo gare ki.”

Inna ta ce, “Ni ban taɓa wuce ƙohwarmu da kwanon wani ba. Tamada, ki ji tsoron Allah.”

Ni dariya ta cika mini ciki, amma da na dubi Zuliha sai na haɗiye. Ta riga ta gane. Tafiyar farko ba ta bukatar komowa, shi ya sa gwajin Yelwa ya yi kyau. Wannan kwamfutar ta san sama da ƙasa, ta san kore, amma kalmar riƙe gida da ta koma gida, irin waɗanda Zuliha ta rubuta, ba ta san su ba, sai ta yi kunnen uwar shegu da su ta ci gaba. Caji ya fara sauka, gobe laftof na komawa wurin mai ita, Mama Tamada na bin motar yamma, idon Inna kuma ba ya jiran kowa.

Na ce ta ƙirga kowane gida daga kusurwa mana, irin fasinjan kai ni tasha. Ta ce kafin ta lissafa gari guda batir ya mutu, kuma ko ta yi, ba tafiyar Inna ba ce. Ta ce ta taɓa karanta cewa akwai wata tsohuwar hanyar faɗin riƙe da koma, ta girmi wadda ta yi amfani da ita, kusan kowace kwamfuta na jin ta. Amma ta manta yadda take, sai ta duba a waya.

To, tungarmu babu sabis. Kowa ya sani, in kana son waya ta kama sai ka shiga ruwa, can inda ake hango ƙarfen sabis na tsallake. Ta rufe laftof, muka bar tsofaffi suna gardamar wa ya fi wani yawo, na ari jirgin maƙwabci. Ni direban ƙasa ne, filafili ba ya jin maganata, sai da muka zagaya wuri ɗaya har kifaye suka fara jiri, sannan jirgin ya miƙe.

Lokacin ruwa ya ja baya ne. Tafkin ya kwanta lumui, ba iska, sama ta sauko ta shimfiɗa a kansa har ba ka sanin inda ɗaya ta ƙare. Can gaba ga ƙoƙuwan matattun itatuwa sun leƙo, farare fat, kowanne da tsuntsunsa. Masunta na cewa wai a nan wajen garin yake, ko gaba kaɗan, ko baya kaɗan, kowa da nasa. Zuliha ta ɗaga waya sama tana jira. Da ta gaji sai ta sauke hannu, ta leƙa ruwa. Na ga fuskarta a ciki, da gajimare a bayanta, da wani duhu can ƙasa da zai iya zama jinka, zai kuma iya zama inuwar jirginmu. Na ajiye filafilin a cikin jirgi. Mun daɗe a haka. Ni na ce shekara ɗaya, ita ta ce ko rabin awa ba a yi ba.

Wayar ce ta yi ƙara a cinyarta, saƙonnin da suka maƙale tun safe suka shigo a guje. Ta bar su, ta binciko abin da ya kawo mu, ta yi ’yar dariya.

Ta ce, “Bakwai da takwas.”

Na ce, “Me?”

Ta ce, “Gyaran murya da bakwai, riƙe gida. Gyaran murya da takwas, koma gida. Ko ƙugiya babu. Juya jirgi, ubangidan banza.”

A ɗaki ta sa kwamfuta ta nemo duk inda ta rubuta umarnin farkon ta musanya da bakwai da takwas ɗin. Alamar batir ta riga ta yi ja. Inna ta sake lalubo ɗigon, Zuliha ta yi bisimilla ta danna.

Ya kai wa Baba Ishaya. Ya komo. Inna ta saki numfashi. Ya bi ta ƙarƙashin ɗunya ya kai wa tsohuwa Asma’u, ya komo. Daga nan Inna ta riga shi. Kafin ya isa gida ta ambaci mai gidan, ta gaishe shi da Gunganci, yarensu na tsibiri, Mama Tamada na amsa mata a madadin matattu, da muryar maza in namiji ne, da tsiwa in mai tsiwa ce. Wani gidan su yi dariya, wani su yi shiru har ɗigon ya komo. Masallaci ya zauna a tudunsa. Gidan su Mama Tamada ya fito can kusa da mashaya, ta ce an rage masa rumbu ɗaya, Inna ta ce rumbun aro ne. Kan Inna na bin hasken, gaba, baya, gaba, baya, kamar mai saƙa. Ni da ke tsaye a baya ina ganin garin duka ya cika allo. Ita ba ta ganin haka, ɗaki ɗaya take gani a lokaci guda, yadda dama ta san shi.

Da kwano na ƙarshe ya isa, ɗigon ya komo tsakiya ya tsaya yana ƙyafce a wani fili baƙi, ɗakuna kewaye da shi.

Inna ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, “Zuliha, ina gidanmu?”

Babu shi. Duk tafiye-tafiyen da Inna ta faɗa daga ƙofarsu suke tashi, amma ba wanda ke kai kwano gidansu, don haka ba ta taɓa ambatarsa ba, Zuliha kuma ba ta taɓa ajiye masa ɗaki ba. Ni ma da na kalla a Yelwa ban lura ba.

Zuliha ta dubi jar alamar batir, ta dubi uwarta. Ta ce, “Inna, ai tana tsaye a ƙofar, jira take. Kawo hannunki.”

Ta kama yatsan Inna, mai kaushin yankan albasa, ta ɗora shi a kan maɓallin A. Ta ce ta danna sau ɗaya. Inna ba ta san sau ɗaya ba. Ta danna ta riƙe, kamar mai toshe ɓular jirgi. Ɗakuna suka yi ta fitowa a jere, suka bi ta kan rumbun wani, suka nufi kogi, sai da Zuliha ta ɗage mata hannu.

Na ce, “Inna, wannan ai ya fi gidan hakimi.”

Mama Tamada ta ce, “Bar ta. Dama uwarta da son faɗi, kowace shekara sai ta ci hanya da darni.”

Inna ta ƙara matso da fuskarta gaban allon. Ta bi ɗakunan nata da ido daga farko har ƙarshe, a hankali, ta dawo kan na farkon. Ta ce, “Wanga na tsohuwata ne. Ku bar ni nan.”

Muka bar ta. Muka fito tsakar gida, hasken rana ya kashe mana ido, Zuliha ta zauna a bakin murhu ta rufe fuska da mayafi, ta ce hayaƙi ne, alhali ko wuta ba a hura ba. Ban san lokacin da batir ya mutu ba. Da na leƙa in kira Mama Tamada don motar yamma, allon ya yi baƙi, su biyun na zaune a gabansa suna musu a kan akuyar wa ta ci shanyar wa.

Kafin damina ta zagayo idon Inna ya rufe. Ba ta sake neman a kawo mata kwamfuta ba, ta ce ta gani. Zuliha na nan shagon Oga Samuel tana yi wa ’yan makaranta rajista. Ta gyara garin yadda zai tashi a kowace kwamfuta da ta samu, sai dai ta malamin firamare, wadda har yau ƙaya take zubarwa. Gidan su Inna kuwa ta bar shi yadda Inna ta gina shi, dogo har bakin kogi. Na ce ta rage shi don mutunci, kada jikoki su ɗauka kakanninmu ’yan cin iyaka ne. Ta ce bawa ba ya rushe ginin uwar ɗakinsa, in kuma ina da ƙarfin hali in je in faɗa wa Inna da bakina.

Ban je ba tukuna. Babur ɗina na bukatar gyara.